Kwalba Ta Bakwai

Ranar da Auta ya fara ganinta, faɗa ta yi masa. Ya shiga ɗakin gwajin dabbobi yana gumi, ya zaro kwalbar jinin akuya daga aljihun wando ya ajiye wa ma'aikaciyar a kan tebur.

"A aljihu ka kawo?" ta tambaya. "Jinin nan ya dahu, malam. Koma ka ɗebo wani a cikin ƙanƙara, ka haɗo da audugar da aka goga a hancin awakin da idonsu."

Ya koma ba gardama. Tsakani da Allah, ko sau goma ta ce ya koma zai koma.

Awakin mahaifinsa ne ke zazzaɓi da majina, baki duk gyambo, ga zawo. Auta ya tsaya bayan gilashi yana kallon yadda take sa safar hannu, tana rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ba gaggawa, ba kame-kame. Bai taɓa ganin mai girmama aikinsa kamar yarinyar nan ba, nan take ta kwanta masa a rai.

Bayan kwana biyu saƙonta ya shigo: "Ƙwayar cutar nan ce mai yaɗuwa. Ku ware marasa lafiya, kada dabba ta fita kasuwa, a yi wa sauran rigakafi."

Ya amsa: "An gama, Likitata. Ni kuma yaushe za a duba ni?"

"Ba na duba masu ƙafa biyu," ta rubuto. Amma washegari ita ta fara gaishe shi.

Hira ta yi nisa har ya kai maganar aure gida. Baba ya murtuke fuska.

"Wadda ta hana ni kasuwa wata guda? Ko warin garkena ba ta taɓa ji ba, daga cikin ɗaki ta yanke mini hukunci. Duk abin da aka kai musu cuta za su ce. Ga 'yar aminina nan, ita za ka nema."

Auta ya rame, abinci ma sai Inna ta matsa masa. Da ya gaya wa Likitarsa, cewa kawai ta yi, "Kada ka ja da Baba, Autana. Mu yi haƙuri."

Wata safiya Baba ya kira malamin dabbobi, suka shige garke su biyu. Ya fito da kwalabe goma cikin ƙanƙara, kowace da audugar gwaji a ciki, ba komai a jikinsu sai lamba. Wasu daga marasa lafiya aka ɗebo, wasu daga lafiyayyun awakin ƙaninsa, takardar bayanin kuma tana aljihunsa.

Ya miƙa wa Auta kwalaben. "Kai mata. Idan ta kuskure ko ɗaya, kada ka ƙara yi mini maganarta."

Kwana biyun nan Auta bai san inda kansa yake ba. Da saƙon ya iso, a gaban Baba ya karanta:

"Lamba biyu, biyar da tara suna ɗauke da cutar. Guda shida lafiya lau. Lamba bakwai kuwa audugar ba ta taɓa hancin kowace dabba ba. Ka gaida mini Baba da kyau."

Baba ya warware takardarsa, ya bi lambobin da yatsa, ya sake bi. Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Ni na sa ta fanko," Baba ya ce a hankali. "Ko malamin bai sani ba." Ya ninke takardar. "Yarinyar nan ba ta ƙarya, kuma ba ta ci mini fuska ba. Wace rana iyayenta ke gida?"

Wata uku bayan nan aka ɗaura aure. Da ta durƙusa gaishe shi, idon Baba ya ciko.

"Na gwada ki, 'yata, ki yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu gaskiya irin taki."

"Amin, Baba," ta ce. Auta ma ya amsa, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.