Wanda Ya Tsinke Fitilar Japheth

Da hantsi aka kawo gawar Japheth mai gyaran waya daga hanyar Kuyello. 'Yan bindiga ne suka tare shi a kan babur. Insfekta Salmanu ya gaji da ganin irin wannan gawa, wallahi ya gaji. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: a Birnin Gwari yanzu babu mai faɗar ranar tafiyarsa. To wa ya tsegunta musu?

A shagon mamacin Insfekta ya tarar da matar Japheth, Lydia, idanu sun kumbura. Kan tebur akwai 'yar na'urar nan mai amsa magana, ka kira ta ka yi tambaya ta ba ka amsa. Wasu siraran wayoyi na reto a jikinta.

"Me aka cire a nan?"

"Fitila ce, Yallaɓai. Shi ya haɗa da ƙwan tocila da murfin kwalba. Mutane sun daina shigowa, wai na'urar tana jin sirrinsu. Sai ya ce in ta kawo haske tana saurare, in babu haske kowa ya saki jiki."

"Yaushe ta ɓace?"

"Ana gobe zai tafi."

A duk layin, shagon ne kaɗai ke da sabis, saboda dogon ƙarfen da Japheth ya kafa, don haka nan ake zuwa buga waya. Ranar da fitilar ta ɓace, Lydia ta bar maƙwabcinsu Bature a ciki ta tafi ɗora girki.

Daga wajen haƙa kabari aka kira Bature, ƙasa har gwiwa.

"Ni ko shagon ban shiga ba, ranka ya daɗe."

"Lydia ta ce ta bar ka a ciki."

"Au, na tuna. Ƙanwata na kira."

Insfekta ya ɗora hannu a kan na'urar. "Shi ke nan. Bari mu ji abin da ta ɗauka ranar."

Bature ya miƙe zumbur. "Ƙarya ne! Ai sai da na tsinke fitilar kafin in..."



"Fitilar ba kunne ba ce, Bature," in ji Insfekta cikin takaici. "Ƙarasa."

Bature ya sulale ƙasa. "'Yan bindigar ne suka ce ba zan girbe masarata a Gayam ba sai na ba su mai babur. Na rantse na ɗauka babur ɗin kawai za su karɓa."

"Kai kaɗai ya faɗa wa ranar tafiyarsa," in ji Lydia. "Don ka riƙa duba mu in ya tafi."

Wani kofur da ke tare da Insfekta ya buga wa Bature ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Lydia ta matso. "Yallaɓai, kunna mini. Ko akwai muryar mijina a ciki."

Insfekta ya kasa kallonta.

"Ki yi haƙuri. Ba ta ajiye muryar kowa."