Amsar da Labaru Suka Katse

"Cire abin nan daga kunnenka, Baban Afnan! Yau sai ka gaya mini muryar wace ce!"

Habibu ya zabura har kofin shayinsa ya kusa kifewa. Kwana goma sha biyu ke nan ina ƙirgawa. Da mijina ya dawo daga aiki sai ya shige ƙaramin ɗakin da ya cika da na'urori a gidanmu na Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, ya toshe kunnuwansa, ya yi ta murmushi shi kaɗai. Jiya da na leƙa, muryar mace na jiyo siririya.

"Mutmainna, sanyin idona, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba! Ga 'yarka can tana tambayar Papa, kai kana nan da wata!"

Ya zare wayar abin jin, ya murɗa maɓalli. Wasu faya-fayai biyu masu faɗin faranti suka fara juyawa, zare mai ruwan ƙasa yana bi ta tsakaninsu. Kiɗan gurmi ya fara fitowa cikin shuuu. Daga nan wani mutum ya yi jawabi kan tafasa ruwan sha. Sai aka ce, "Jama'a, ga ci gaban wasanmu, Tsakar Gidan Larai."

Sai wata yarinya ta soma rarrashin jariri da waƙa:

"Kwanta Kulu, kwanta, kaza ta shiga akurki, tukunya ta sauka murhu, saura ke..."

Afnan, 'yata mai shekara uku, ta sheƙo daga falo tana tafi. "Maman! Waƙata!"

Waƙarta ce kuwa. Ni nake yi mata, kamar yadda Hajiya Kaka ta yi mini tun ranar da ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba a duniya.

"Innalillahi... Habibu, mene ne wannan?"

Ya miƙo mini kwalin faifan. Wata Madam Odile ce ta kawo masa shi, in ji shi, cikin kayan marigayi babanta da ya taɓa koya wa ma'aikatan rediyo aiki a Yamai. A bayan kwalin an rubuta 1965, da sunaye biyu. Larai: Zenaba Mamman Sani. Tanko: Iliya Garba.

Kakata da kakana!

Kakata da ko akwatin rediyo ba ta taɓa bari ya kwana a ɗakinta ba! Kakata da matan unguwar Belleville ta Paris ke zuwa gaishe ta da duƙawa, tana yi musu nasiha kan kamun kai!

"Na so in goge ƙarar tukuna, in ba ki mamaki," in ji shi. Sai ya sunkuyar da kai. "Kuma... na riga na sanar."

"Ka sanar da me?"

Habibu yana da awa ɗaya ta Hausa duk Lahadi a wani ƙaramin gidan rediyon ƙungiya a Lyon. Ashe makon jiya ya gaya wa masu sauraro cewa Lahadi mai zuwa za su ji muryar wata uwa da suka sani, kuma zai faɗi sunanta.

"Ba ka tambaye ta ba? Ba ka tambaye ni ba?"

"Abin alfahari ne, chérie! Tarihi ne!"

"Tarihinka ko asirinta? Matar da ta ɓoye abu shekara sittin, an yi mata aikin zuciya bara, ita za ka kwance a bainar jama'a? Wallahi in ka sa faifan nan, ni da Afnan ba za ka dawo ka same mu a gidan nan ba!"

Ya kalle ni kamar na mare shi. Shekara biyar da aurenmu, ban taɓa furta irin wannan ba.

Washegari Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na ce shi da bakinsa zai gaya wa Kaka, kuma in ta ce a'a, magana ta mutu. Na saka na'urar awon jini da ƙwayoyinta na gaggawa a jakata, kusa da biskit ɗin Afnan.

A Bobigny da ke gefen Paris, gidan Kawu Buba inda take zaune, muka same ta bakin taga da carbi.

"A'a! Angona ne da kansa?" ta tsokani Habibu kamar kullum. "Yau kuma me ka kawo mini, ko hannu rabbana ka zo mini?"

Habibu ya durƙusa. Ni na ɗaura mata awon jini tukuna, na ga lamba ta yi daidai, sannan na ɗora kwalin a cinyarta.

Ta sa tabarau. Ta karanta. Carbin ya sulale ƙasa.

"Ina... ina kuka samo wannan?"

"Kaka, ki yafe mana. In ba ki so, yanzu zan..."

"Da muryarsa a ciki?" Ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Mutmainna! Da muryar Malam a ciki?"

Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Habibu ya yi sauri ya kunna kwafin da ya ɗauko a wayarsa. Gurmi, jawabin ruwan sha, waƙar Kulu. Kaka tana motsa leɓe, ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Sai muryar namiji ta shigo, mai kauri, da dariya a ƙarƙashinta.

"Larai, ajiye yarinyar nan ki saurare ni. Na gaji da zama mijinki rabin awa duk Laraba. Ina so in zama mijinki sauran kwanakin ma. Kin yarda?"

Shiru. Sai ƙarar takarda. Sai wani ya ce, "Ƙarfe ɗaya daidai, ga labaru." Faifan ya ƙare.

Kaka tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Babu wannan a takardar! Wallahi babu! Lokacin kai tsaye muke yi, 'yar nan, ba a ɗauka a gyara. Abin da ka faɗa ya tafi ke nan. Ina ta juya takarda ina neman layin, shi kuwa yana kallona. Kafin in buɗe baki mai na'ura ya yanke mu, don labaru ba su jiran kowa."

"To, sai aka yi yaya?" Na ji kaina ina tambaya kamar yarinya.

"Baba ya ji a gida. Da ma da sharaɗi ya bar ni, sunan aro, kada kowa ya sani. Ranar ya ce na gama rediyo. Bayan wata uku aka ɗaura mana aure, amma Larai ba ta sake komawa ba. Har Malam ya bar duniya yana tsokanata, wai ƙasa guda na jiran amsata."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Bayan arba'in ɗinsa na je gidan rediyon, uwarki tana goye. Na ce su ba ni muryarsa ko ta minti ɗaya. Suka ce zare tsada gare shi, ana gogewa a sake ɗauka. Sun ɗora bayanin noman gyaɗa a kansa. Tun ranar ban sake iya jin rediyo ba. Ke kuma kika ɗauka haramta shi na yi."

Na rufe bakina. Duk rayuwata ina tsaron abin da na zata kunyarta ce.

Habibu ya matso a kan gwiwoyinsa. Ya faɗa mata abin da ya sanar, bai rage komai ba. "Na yi wauta, Hajiya. Gobe zan ba su haƙuri, in sa kiɗa kawai." Ya juyo gare ni, idanunsa jawur. "Ke ma ki yafe mini, Maman Afnan. Gara in rasa filin nan da in rasa ku."

"Ka sa kiɗa?" Kaka ta harare shi. "Ka taɓa ganin an sanar da shiri an fasa? Mu ko zazzaɓi muke yi sai mun shiga! Ƙarfe nawa ne?"

"Kaka! Zuciyarki! Kuma alkawarin babanki fa?"

"Na riƙe masa shekara sittin, Allah Ya ji ƙansa. Shi ma Malam shekara sittin yake jiran amsata."

Na gindaya sharuɗɗa uku: a kira likitanta, Kawu Buba ya biyo mu, kuma ni zan zauna kusa da ita da awon jini a hannu. Kawu da ya dawo daga kasuwa ya ji muryar mahaifinsa, tsaye ya daskare da ledar burodi.

Lahadi da azahar muna cikin ɗan ƙaramin ɗakin watsa shiri a Lyon. Afnan na kan cinyata. Habibu ya saki faifan, ya miƙo hannu ta ƙarƙashin tebur ya kama nawa. Ban janye ba.

"...Kin yarda?" in ji kakana.

Kafin mai labaru ya shigo, Habibu ya tsayar da zaren. Jar fitila ta kama. Kaka ta gyara mayafi, ta matso da bakinta kusa da makirfo, tazarar tafin hannu ɗaya, ba wanda ya nuna mata.

"Jama'a, Zenaba Mamman Sani ce, wadda kuka sani da Larai. A yi mini haƙuri, labaru ne suka katse ni."

Ta lumshe ido.

"Malam... na yarda."