Kunyar da Ta Kusa Raba Ni da Abbati

"Naja! Wai ba kya jin kukan yaron nan ne?"

Muryar mijina ce, Malam Imrana, tun daga bakin zaure. Dawowarsa ke nan daga firamaren da yake koyarwa a nan Ƙaura, ko kekensa bai jingine ba. Ni kuwa ina gindin turmi ina surfen gero, ɗana Abbati yana kan tabarma taku biyar daga inda nake, ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

Ina jinsa. Wallahi kowane kuka sai ya ratsa ni har ƙashi. Amma surukata Inna Ramatu tana zaune a inuwar dogon yaro tare da matan yayyen mijina. Ta yaya zan ajiye taɓarya in ɗauki ɗan fari a gabansu?

Na sunkuyar da kai na ci gaba da surfe.

"Kai, rufe muna baki!" in ji Inna tana dariya. "Ɗiyar mutane na da kunya, kai ne ba ka da ita. Miƙo min shi nan in ba shi ruwa."

Bai miƙa mata ba. Ya saɓa yaron a kafaɗa ya wuce ɗakinmu. Sai da na bari hankalinsu ya koma kan hira, sannan na sulale na bi shi.

"Yaushe rabonsa da nono?" ya tambaye ni.

"Tun hantsi..."

"Tun hantsi! Naja, azahar fa ta wuce!"

"Malam, don Allah ka yi a hankali, za su ji..."

"Su ji mana! Ɗanki ne, ba na maƙwabta ba!"

Hawaye suka cika min ido. Na karɓi yaron na juya baya na sa masa nono, ya kama kamar zai tsinke shi. Malam ya zauna kusa da ni ya sassauta murya.

"Na san kina sonsa, farin cikina. Sau nawa nake hango ki ta labule kina sumbatar tafin ƙafarsa? To me ya sa sai a ɓoye?"

Ni dai haka na tashi na ga ana yi.

Ni 'yar fari ce a gidanmu a Shinkafi. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma. Mahaifiyata ba ta cin abinci kwano ɗaya da ni, ba ta yi min kitso, in na faɗi ba ta ɗaga ni in da mutane. Mata suna yabonta, suna cewa ta cika mai kara. Na taso ina ganin wannan shi ne mutuncin mace.

A Shinkafin Imrana ya gan ni, lokacin da aka turo shi koyon aikin koyarwa. Shekara biyu yana yi min wasiƙa a takardar littafin 'yan makaranta kafin a ɗaura mana aure. Auren so muka yi, kowa ya sani. Da na haihu ya sa wa yaron sunan marigayi babansa, shi ya sa muke ce masa Abbati.

Abbati yana da wata tara na gane ina da wani cikin.

Ranar da na tabbatar, a bayan rumbu na je na durƙusa. Kwanika! Ciki a kan goyo! Na tuna wata Safiya a unguwarmu da ta yi haka, yadda mata suka riƙa taɓa juna a gidan biki suna cewa ta kasa haƙuri, har ta daina fita. Na tuna kuma abin da kowace tsohuwa take faɗa, cewa nonon mai ciki guba ne, in yaro ya sha sai ya lalace.

A makon ne aka tura Malam kwas na mako uku a Gusau, don sabuwar jiha tana ta horar da malamai. Da zai tafi ya riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Akwai abin da ke damunki, Naja."

"Babu komai, Malam."

"Kin tabbata?"

"Allah ya kiyaye hanya," na ce, ban kalle shi ba.

Yana tafiya na shafa shuwaka a nonona. Abbati ya kama, ya saki, ya kalle ni, ya fashe da kuka. Kwana uku yana lalubar rigata ina ture hannunsa. Ban gaya wa kowa na yaye shi ba. In na shiga ɗaki da shi sai a zaci nono nake ba shi, alhali tsinkakken koko nake ɗura masa da ludayi.

Zawo ya kama shi. Inna ta duba bakinsa ta ce, "Haƙori ne, duk ɗiyan gidan ga haka suka yi." Ta haɗa masa jiƙon sassaƙe. Gashinsa ya fara yin ja yana kakkaryewa. Ƙafafunsa suka ciko, har ɗaya daga matan gidan ta ce, "Kai, Abbati an fara ƙiba!" Daga baya ma ya daina kuka. Sai ya zauna inda aka ajiye shi, ya zuba wa ƙasa ido.

Na san ba haƙori ba ne. Sau biyu ina zuwa ƙofar Inna da niyyar in faɗa mata, sai in ce ina neman aron rariya.

Ranar wata Alhamis Malam ya dawo, da ledar lemo a hannu yana murmushi. Yana ganin yaron murmushin ya ɓace. Ya durƙusa ya danna yatsa a kan ƙafarsa, ya ɗaga. Ramin yatsan ya zauna, bai ciko ba.

"Innalillahi... Naja, me ya same shi?"

"Haƙori ne, Inna ta ce..."

"Ɗauko mayafinki!"

Shekarar ce aka fara Shari'a, mata ba sa hawa kabu-kabu. Ya naɗe yaron a babbar rigarsa ya hau mashin ya yi gaba, ni na tsaya a bakin titi ina jiran motar mata. Rabin awar nan da na yi a tsaye, ban taɓa ganin lokaci mai tsawonta ba.

Na same su a ɗakin yara na asibiti. Wata dattijuwar nas, Sista Maimunatu, mutuniyar Zurmi, ta riga ta ɗora shi a sikeli. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ke ce uwar?"

Na ɗaga kai.

"Tamowa ce. Yunwa ce ta cinye shi. Yana shan nono?"

"Yana sha," in ji Malam da sauri.

"Ita nake tambaya."

Ina jin idon matan da ke kan sauran gadaje a jikina.

"Ɗiyata, ba ni da lokacin kunya, ran yaro ne a hannuna. Yana sha ko ba ya sha?"

"Na... na yaye shi."

"Kin me?" Malam ya juyo. "Yaushe?"

"Ranar da ka tafi."

"Saboda me, Naja? Saboda me!"

Sista ta kalli fuskata, ta kalli cikina, ta sauke numfashi. "Wata nawa?"

"Uku," na ce, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Malam ya ja baya ya jingina da bango.

"Wa ya ce miki nonon mai ciki guba ne?" in ji Sista tana haɗa madara a kofi. "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin yaron da nonon uwarsa ya kashe ba. Amma waɗanda aka cire wa nono rana ɗaya aka bar su da ruwan koko, na rufe wa da yawa ido. Zo ki karɓe shi. Ke za ki ba shi, cokali-cokali, kina yi kina masa magana. Yaro ba abinci kaɗai yake ci ba."

Na miƙa hannu. Abbati ya buɗe ido ya kalle ni, sai ya kawar da kai, ya miƙa siririn hannunsa wajen babansa.

A nan na fashe da kuka, a gaban kowa. Ɗana ya riga ya koyi cewa ba a samun komai a wurina.

Kwana biyu Malam bai yi min magana ba. Zai kawo abinci ya ajiye, ya tambayi Sista jikin yaro, ya fita. Ni kuwa ina kan gadon da Abbati a ƙirjina, duk bayan awa biyu in ba shi madara. Da farko sai ya datse baki. Na riƙa kiran sunansa a hankali, ina masa 'yan surutan da ban taɓa yi da ƙarfi ba. A rana ta biyu da yamma ya haɗiyi cokali bakwai a jere.

Rana ta uku bayan la'asar Malam ya ce in same shi a bayan ɗakin. Na fita ina jiran in ji ya ce in tafi gidanmu.

"Abin da ya fi yi min ciwo," ya ce, "ba yayen ba ne. Na tambaye ki a bakin ƙofa, kika ce babu komai."

"Kunya nake ji, Malam..."

"Kunyata? Ni?"

"Za a ce na kasa haƙuri. Za a ce..."

"Naja, cikin nan ke kaɗai kika yi shi?"

Na rufe fuska da mayafi. Ya sa hannu ya janye shi, sai na ga idonsa ya yi ja.

"Kwana biyun nan ba da ke kaɗai nake fushi ba. Ni ina koya wa 'ya'yan mutane darasin kiwon lafiya a allo, amma a gidana sai dai in yi miki tsawa a gaban mata in shige ɗaki. Ban taɓa zama da Inna na yi mata bayani ba, saboda ni ma nauyinta nake ji. Na bar ki ke kaɗai a tsakaninmu. Ki yafe min."

"Ni ce zan nemi gafara! Na kusa kashe maka ɗa!"

"Namu ne, masoyiyata. Shi da wanda ke tafe. Ban ji kunyar ko ɗaya ba, kuma ba zan bari ki ji ba."

Na kifa kaina a hannunsa na yi kuka mai isata.

Washegari Inna ta zo. Ta tarar da ni ina ba Abbati kunun gyaɗa da Sista ta koya min, wanda ake kaɗa ƙwai a ciki. Na ji kamar in ajiye shi in koma gefe. Ban ajiye ba. Malam ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Inna, ba haƙori ba ne. Ni na yaye shi a ɓoye. Ciki gare ni."

Ta dube ni. Sannan ta zauna a bakin gadon, ta kama ƙafar yaron da kumburin ya fara saɓewa, tana shafawa da babban yatsa.

"Kafin in haifi wanga," ta nuna Malam da haɓa, "akwai wani, Muhtari. Shi ma a kan cikin wanga na yaye shi, ya yi irin wagga ƙiba. Aka ce min iska ce. Ranar da aka ɗauke shi ko kuka ban yi ba, don uwar mijina na zaune." Ta goge ido da gefen zane. "Shekara talatin ke nan, sai yau na san mi ya kashe shi."

Malam ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin sunan yayan nasa ba sai ranar.

"Da kin faɗa min, ɗiyata, ni ma cewa zan yi ki yaye shi," in ji Inna. "Don haka kar ki ɗauki laifin ke kaɗai. Ci gaba da ba shi, kar ya huce."

Kwananmu goma sha takwas aka sallame mu. Maganar da nake tsoro kuwa an yi ta. Cikina yana fitowa mata suka fara taɓa juna a gidan suna, wata har ta tambaye ni da gatse, tana kallon cikina, ko zafin Ƙaura ne bai karɓe ni ba. Na ji kunya, ba zan yi ƙarya ba. Amma na zauna da ɗana a cinya har aka watse.

Abbati bai yi tafiya ba sai da ya shekara biyu da wata ɗaya, bayan na haifi ƙanwarsa Hafsat. Har yau shi ne ƙarami a cikin sa'o'insa, kuma duk sanda na ga ya tsaya a bayan layi sai zuciyata ta tsinke, don na san dalili.

Ranar da ya fara takawa, da hantsi ne, gidan cike da mutane. Ya saki bango, ya yi taku ɗaya, biyu, yana tangaɗi. Malam ya durƙusa ya buɗe masa hannu, Inna ma ta buɗe nata tana kiransa angona. Ya tsaya yana kallonsu. Sai ya juya ya nufo ni, ya faɗo jikina ya cusa kansa a wuyana yana dariya.

"To, mun ga matsayinmu," in ji Malam.

Na ƙanƙame ɗana, hawaye na zuba, ban ko duba wa ke kallo ba.