Shafin Milcho Mahauci

Da ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto Tsvetan Rachev zuwa wani shagon kofi a bakin kogi a garin Ruse. A ɗakin baya ya tarar da gawar Malam Lyuben, tsohon direban jirgin ƙasa mai koyar da kartar poka, an fasa masa kai.

A aljihunsa akwai ɗan littafi. Kowane ɗalibi da shafinsa, an rubuta abin da fuskarsa ke tonawa idan yana yaudara da karta mara ƙarfi. An yage shafi ɗaya.

Mai shagon, Nevena, ta rantse ba ta san na wa ba ne. Sai da Rachev ya rufe ƙofa ta yi ƙasa da murya.

"Na Milcho mahauci ne. Yallaɓai, ni kaɗai ce a gidan nan, kar ka ambaci sunana."

Ta ce duk ɗaliban sun haddace shafin: in Milcho na ƙarya, ba ya ƙifta ido.

Rachev ya same shi a shagonsa yana cire ƙashi daga cinyar rago da wuƙa. Milcho ya ce lafiya lau ya baro Malam jiya. Idonsa ƙyam, ko ƙiftawa babu. A lokacin Rachev ya lura mutumin ya shiga tsakaninsa da ƙofa, shi kuma ya baro bindigarsa a mota.

"Malam bai mutu nan take ba," in ji Rachev. "Ya faɗi suna."

Ƙarya ce. Milcho ya daɗe yana kallonsa, wuƙar na ɗigar jini, sannan ya ajiye ta.

Ya ce shekara biyu yana zuwa darasi, yana tsayawa gaban madubi yana horar da fuskarsa, amma kullum cinye shi ake. Sai jiya ya gano a kansa Malam ke koya wa sauran karatun fuska. Da ya tuhume shi, tsohon dariya ya yi, shi kuwa ya fasa masa kai.

Bayan an sa masa ankwa, ya leƙo daga kujerar bayan mota.

"Malam bai faɗi komai ba, Yallaɓai. Na ga maƙogwaronka yana motsi."

"To me ya sa ka ajiye wuƙar?"

"Ban gama shawara ba hannuna ya gaji."

Sau uku Rachev ya gwada kafin makullin motar ya shiga.