Wanda Ya Ci Ya Zauna

Ku matso kusa. Kai Nazifi, kife wayar nan. Tun ɗazu nake jin ƙarar harbi daga cikinta, kuma ka san ba na so. Yau zan gaya muku dalili. Kun san Yaya Haladu ya rasu, amma ba a gaya muku yadda aka yi ba. Ni na yi jinyarsa. Sauran daga bakin ƙaninmu Mudansir na ji.

Yaya Haladu yana da gidan gem a bayan tasha, ɗaki ɗaya da talabijin da benci. Dokokinsa uku ne. Takalmi a bakin ƙofa. Ana kiran magariba a kashe injin wuta. Sai ta ukun, wadda kowane gidan gem ya sani: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna.

Mudansir ba ya tashi. Tela ne, magidanci da ɗa ɗaya, amma ɗinkin mutane sai ya yi mako a kan keke shi yana can. Gem na faɗa shi ne nasa. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana da kyau a ido, kuma yana son kaifin hannu. Amma yana da aibi guda. In ka matse abokin faɗanka a lungu kana sharar ƙafarsa ba tsayawa, ba zai ƙara miƙewa ba. Yaya Haladu ya haramta wannan. Duk wanda ya yi, waje.

Wata Laraba aka kira sallar magariba, kowa ya watse. Mudansir yana tsakiyar wani gem na ban tsoro, mutum da tocila a cikin kangon asibiti.

"Tashi mu je," in ji Yaya Haladu.

"Yaya, saura ƙofa ɗaya."

"Kullum saura ƙofa ɗaya. In ka gama ka kashe inji."

Ya fita. Ɗakin ya yi shiru, sai numfashin mutumin cikin talabijin.

Bencin ya motsa. Wani ya zauna a gefensa, babu sallama. Dogo ne, cikin farar jallabiya.

"Wannan na tsoro ne?"

"Shi ne, Malam. Sautinsa ba dama. Saka shi a duhu ka ji gashin jikinka ya tashi."

"Sautin ya yi. Duhun ma sun iya. Amma sun yi ƙarya." Baƙon ya nuna da haɓa. "Dubi. Sai an yi kiɗa kafin abin ya fito. Sai ya yi ihu. Wa ya gaya musu ana ihu?"

Mudansir ya yi dariya.

"Kuma sau nawa ka mutu yau?" in ji baƙon.

"Kamar tara."

"Ka tashi sau tara. Yana da daɗi." Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya abin bugawar. "Saka na faɗan."

Mudansir ya saka. Cikin minti ɗaya ya yi masa kaca-kaca.

"Malam, koma gida ka koyo!"

Baƙon ya miƙe a hankali. "An ci ni. Na tashi. Kai ka zauna."

Kafin ya kai ƙofa wani ya shigo ya zauna. Jallabiya iri ɗaya. Shi ma aka ci shi, ya tashi. Na uku ya zauna.

A nan ne Mudansir ya lura ba ya jin ƙarar inji. Inji ya mutu. Talabijin na ci.

Ya saci kallon ƙofa. Mutane a layi har bakin titi. A bakin ƙofa kuwa takalminsa ne kacal. Ya sunkuyar da ido. Ƙafar na kusa da shi tana ƙasa, amma diddigen ne a gaba.

"Buga," in ji na ukun. Bakinsa a rufe. Daga cikin talabijin muryar ta fito.

Mudansir ya yunƙura zai tashi. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai, kamar an zuba masa siminti. Ya ce bari ya bari a ci shi. Yatsun suka ƙi. Shekara takwas yana koya musu ci, yau suna yi ba da izininsa ba. Su kuma baƙin ba su zo don su ci ba. Kowanne sai ya tsaya a buge shi, ya tashi, ya ce, "Kai ka zauna."

Na bakwai. Na sha biyu. Simintin ya hau har cikinsa. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshe ya yi nauyi.

"Assalamu alaikum."

Yaya Haladu ne, carbi a hannu. Ya dubi layin, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙaninsa. Ya zare wayar talabijin daga bango. Hoto bai ko girgiza ba.

Sai ya cire takalminsa ya ajiye kusa da na Mudansir.

"Gidana ne," ya ce wa layin. "Ni ke bi."

Suka matsa masa.

"Yaya, kar ka zauna!"

"Rufe mini baki."

"Ba ka taɓa cina ba. In kuma ka ci..."

"Na san dokar, ni na kafa ta."

Ya ɗauki abin bugawa. Yatsun Mudansir suka taso masa kamar mahaukata, jinin mutumin Yaya Haladu a talabijin ya yi ƙasa, saura ɗan ja. Sai Yaya Haladu ya tura mutumin Mudansir lungu. Ya share ƙafarsa. Ya sake. Ya sake. Abin da ya kori mutane a kai shekara da shekaru, shi ya yi, bai ɗaga yatsa ba sai da mutumin Mudansir ya kwanta.

Ƙafafun Mudansir suka dawo da zafi kamar an watsa ruwan dafuwa.

"An ci ka," in ji Yaya Haladu, bai juyo ba. "Tashi. Ka gaida Abba."

Abba shi ne ɗan Mudansir, watansa biyar a lokacin.

Mudansir ya fita a guje babu takalmi, ya kira mutanen masallaci. Da suka zo babu layi, babu kowa, talabijin a kashe. Yaya Haladu na zaune a benci, ido a buɗe, manyan yatsunsa suna motsi.

Da bencin aka kawo shi gida. Malamai sun yi iya yinsu, an kai shi asibiti an dawo da shi. Kwana huɗu ina ɗura masa koko da cokali, bai kwanta ba ko sau ɗaya. Ran Lahadi da hantsi yatsun suka tsaya. Sai a lokacin jikinsa ya yarda ya miƙe. Shi sau ɗaya ya mutu, bai kuma tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Mudansir ya koma kan kekensa. Gobe in kun je gaishe shi, ku dubi hannuwansa sa'ad da ake kiran magariba. Zama yake yi a kansu.

Don haka Nazifi, in ladan ya ɗaga murya, ka ajiye abin nan ko saura ƙofa ɗaya. Kar ka zauna kai kaɗai a gabansa. In kuwa wani ya zauna kusa da kai ya ce ku buga, ƙirga takalman bakin ƙofa kafin ka amsa.