Shuɗiyar Rigar Auta

Ran Asabar da safe Mama ta buɗe durowar kayan Auta. Nan take ɗankwali biyu da siket suka zubo mata a ƙafa.

"Auta, wannan durowa ce ko kanti?"

A makon nan ruwan sama ya shiga gidan Goggo, ya lalata kayan yaranta. Shi ya sa Mama ta shimfiɗa tabarma, ta kafa doka.

"Duk rigar da ba ta ga ruwan wanki ba tun bara, ba a sa ta ke nan. Ta hau tabarma, a kai wa yaran Goggo."

Auta ta saci kallon durowar. Tana da wata shuɗiyar riga mai fararen maɓallai. Yayanta ne ya aiko mata da ita shekara uku da suka wuce, daga can nesa inda yake aiki. Ba ta taɓa sa ta ba. Jira take sai ranar da zai dawo.

Da Mama ta fita amsa sallama, Auta ta ruga da rigar, ta tsoma ta a bokiti, ta matse.

"Mama, kin gani? Wannan ɗazu na wanke ta."

Mama ta dubi takardar kanti da ke lilo a wuyan rigar. Ta ce, "To."

Auta ta ji tsoron shanya ta, kada Mama ta sake shawara. Sai ta cusa ta a leda da lemarta, ta tura can ƙasan durowa.

Bayan mako biyu Yaya ya yi waya, ya ce gobe yana hanya.

Da sassafe Auta ta kwance ledar. Wani wari ya bugi hancinta. Rigar duk ta yi funfuna, baƙi ɗigo-ɗigo. Duk da haka ta zura kai. Kai ya shiga, ya ƙi fitowa. Hannuwa suka maƙale a sama.

Daidai nan Yaya ya shigo da jakarsa.

"Mama, yaushe kuka samo yarinya marar kai?"

Auta ta fashe da kuka a cikin rigar. Da ƙyar suka zare ta. Tana shessheƙa ta faɗi duk abin da ta yi.

"Ai na sani tun ranar," in ji Mama. "Wa yake wanke riga da takardarta?"

Yaya ya durƙusa ya share mata hawaye.

"Yarinyar da na saya wa rigar nan tsawon tebur gare ta. Ke kuwa kin kusa kafaɗata. Ni ne na daɗe, Auta. Yi haƙuri."

Tare suka wanke rigar. Sau uku suna saɓa mata sabulu suna shanyawa a rana. Duk tabon ya fita, sai ɗan kaɗan a hammata.

Auta da kanta ta kai wa ƙaramar 'yar Goggo. Rigar ta zauna mata cif. Yarinyar ta yi ta juyi a tsakar gida.

"Yaya Auta, tawa ce? Har gobe?"

"Har gobe. Amma ki riƙa sa ta, kin ji? Kada ki ajiye."

Daga ranar Auta ta gane cewa ɓoye kayan da ba ka sawa asara ce. Gara ka ba mai bukata tun suna da kyau, kuma ka faɗi gaskiya tun farko.