Gaisuwa Daga Taga

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko a gaban mutum uku aka ce in yi magana, sai muryata ta shige ciki. Amma tunda an matsa mini, ga shi yadda na iya.

Sunana Juwairiyya, mu 'yan Gwallaga ne. Ni da Inna muna da rumfar masa a bakin ƙofar jami'a. Lokacin da aka buɗe makarantu bayan kullen korona, kowa da takunkumi a fuska yake yawo, don haka idanun Abdulrauf na fara sani kafin sauran fuskarsa.

Ya tsaya gaban tanda ya ce, "Tun daga ɗakin karatu ƙanshin nan ya jawo ni. Wa za a kama da laifi, ke ko Inna?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Shinkafa."

Ya yi dariya har idanunsa suka rufe. "Ashe kina magana."

Daga nan kullum sai ya zo. Da ya samu lambata, saƙonsa na farko shi ne: "Gimbiyar tanda, yau ban ji ko kalma ɗaya a aji ba, ke kika cika mini kai. Allah ya kai ki gida lafiya." Na daɗe ina karantawa a hankali, na rubuta na goge, a ƙarshe na tura: "Amin Yaya."

Da magana ta yi nisa, Baba ya ce a turo shi ya gaishe shi ranar Juma'a. Da safiyar ranar aka kwashi John, abokin ɗakinsa, zuwa asibitin makaranta da zazzaɓi da tari. Abdulrauf ya kira yana roƙon a ɗaga, don ya san Baba na fama da ciwon ƙirji. Inna ta ce, "Babanki ya riga ya shimfiɗa tabarma. In bai zo ba, cewa za a yi wasa yake."

Ya zo, amma ya ƙi shiga zaure. Ina leƙe ta bayan labule na ga Baba ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya ja baya ya dafe ƙirji. Bakin ƙofarmu kwata ce, babu wurin durƙuso, sai ya ɗan rusuna kawai.

"Baba, a yi mini afuwa. Abokin ɗakina ne ake zargin yana da cutar nan, ina jin tsoron in sa maka."

Baba ya kalli hannunsa da ke miƙe, ya mayar aljihu. "Mura ce ka mai da ni kuturu a kanta? To, na gode. A gai da gida."

Da Baba ya shigo ya ce wa Inna, "Yaron da ya gaishe ni a tsaye, fuska a rufe, ba shi zan ba 'yata ba."

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba, kuma ban san ta inda ake farawa ba.

Ba a jima ba ciwon ya kama Abdulrauf. Makaranta ta ware wani bene ta killace duk waɗanda suka kamu, aka hana taruwa, aka rufe rumfunan abinci har da tamu. Ba ni da hanyar ganinsa, ba ni da bakin roƙon Baba. Ga Auwalu mai shagon atamfa ya fara zuwa zaure neman aurena, yana kama hannun Baba da hannu biyu.

Saƙonnin Abdulrauf suka riƙa gajarta. "Juwai tawa, ba na jin ƙanshin komai. Ko masarki aka kawo ba zan gane ba." Daga baya: "Numfashi da wuya. Ki yi mini addu'a." Daga nan shiru. Nakan riƙe waya in zauna gindin murhu, abinci ya huce a gabana.

Inna ce ta gaji ta faɗa wa Baba, "Malam, yaron nan fa yana kwance, an ce jikin ya yi tsanani."

Baba ya ɗauki hularsa. "Fushina yana nan. Amma ba zan ji musulmi na kwance in ƙi duba shi ba. Juwairiyya, tashi ki nuna mini hanya." Inna ta ɗaura masa takunkumi yana ƙunƙuni.

A gaban benen an ja igiya. Wata nas mai suna Christiana ta tare mu ta ce, "Baba, nan ne iyaka. Zan sa a kira shi ta taga."

John ne ya fara leƙowa daga sama, shi ya samu sauƙi. Sai ya tallafo Abdulrauf. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Idonsa na sauka kan Baba, sai kawai ya ɓace daga tagar.

Na kama igiyar. Baba ya ce, "Innalillahi, faɗuwa ya yi?"

John ya ce, "A'a Baba, bai faɗi ba. Yana nan ƙasa. Ya durƙusa ne, yana gaishe ka."

Daga bayan bango muka ji wata dasasshiyar murya: "Baba, ina wuni."

Baba ya tsaya yana kallon tagar da babu kowa sai John. "Ce masa ya tashi."

"Ya ce sai ka amsa."

"Lafiya lau, ɗana. Yaya jiki? Allah ya ba ka lafiya."

Maimakon amsa, tari ne ya sarƙe shi, mai tsawo, irin wanda mutum ke neman iska ya rasa. Na ga Baba ya ɗora hannu a nasa ƙirjin. A cikin keke muna komawa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da ya kama hannuna ranar nan..." Bai ƙarasa ba.

Allah ya tashi kafaɗun Abdulrauf. Ranar da ya dawo zaurenmu, bai gama durƙusawa ba Baba ya kama hannunsa ya ƙi saki. "Wancan karon ka ci mini bashin gaisuwa," in ji shi, "yau sai na gaji." Bayan ya gama jarrabawa aka ɗaura mana aure. Baba ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da lafiyar jiki."

Abu ɗaya ne bai dawo ba. An kai ni gidanmu a Gwallameji ina ta ƙanshin humra da turaren wuta, ya ce, "Ki yafe mini, Gimbiya. Na san kin sha turare, amma har yanzu hancin nan ya ƙi."

Amarya ba ta girki, daga gida ake aiko mata. Duk da haka washegari da sassafe na ciro sabuwar tandata na ɗora a wuta, na zuba ƙullun da na roƙi Inna ta ɓoye mini cikin kaya. Da gangan na bar ta farko ta daɗe. Ina tsugune ina kallon hayaƙi na ji muryarsa daga ɗaki.

"Juwai, wani abu na ƙonewa."

Na juya masar, na zuba wata.